Ba girman kai ba ne, dare ne a wurinsu

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a gidajenmu nan Pitoa da Garwa a arewacin Kamaru, kuma tana ci mini rai: "Tun da yaron nan ya tafi Kanada ya daina ɗaukar waya." Da wannan ake yanke wa yaro hukuncin ya manta gida, alhali ba wanda ya tsaya ya tambayi ƙarfe nawa ne a inda yake.

Mu ba mu saba da wannan lissafi ba. Daga Yamai zuwa Kano, daga Garwa zuwa Njamena, agogo ɗaya ne, kuma ba ya motsi rani da damina. Iyakar abin da yawancinmu muka sani shi ne Makka ta riga mu da awa 2. Amma ɗauki Rimouski, wani ƙaramin gari a bakin kogin Saint-Laurent a lardin Kebek, inda ɗalibai masu jin Faransanci ke zuwa jami'a. Mun riga su da awa 6 a lokacin sanyinsu. Ranar Lahadi ta biyu ta watan Maris sai su tura agogo gaba da awa ɗaya, tazarar ta koma 5, ba za ta dawo 6 ba sai Lahadin farko ta Nuwamba. A 2025 wannan canji ya faɗo ne ana cikin azumi.

To idan Inna ta idar da sallar Asuba a watan Disamba ta ɗauki waya ƙarfe 5 da rabi, ɗanta bai ma shiga wannan ranar ba, a wurinsa sha ɗaya da rabi ne na daren jiya. Idan Baba ya kira daga kasuwar Lahadi ƙarfe 9 na safe, yana tsakiyar hayaniyar dabbobi da buhunan gyaɗa, can ƙarfe 3 ne na dare.

Kuma ba agogo kaɗai ya bambanta ba. Mu rana ce ke raba mana yini, ana cewa "bayan Azahar" ko "da La'asar sakaliya", kowa ya gane, domin faɗuwar rana ba ta nisa da ƙarfe 6 duk shekara. Su kuwa a Disamba kafin ƙarfe 4 an yi Magariba, Azahar da La'asar da Magariba duk suna riskar mutum yana aji ko wurin aiki. A watan Yuni yini yakan kai awa 16. Wanda ke wannan rayuwa, ga ƙanƙara, ga kuɗin haya, ba ƙaramin ƙoƙari yake yi ba idan ya riƙe sallarsa ya kuma turo na cefane.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda muke zaɓen lokacin tashinsu. Idan kuɗin makaranta ne ko na taki, sai a jera kira har sai ya farka. Idan kuwa rasuwa ce, sai a ce "a bar shi ya yi barci, a gaya masa da safe". Mu ba ma jinkirta jana'iza, kuma haka addini ya so. Wanda ya cika da hantsi, kafin Azahar an kai shi makwanci. Kafin a tashi daga barci a Rimouski an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmin gaisuwa, yaro ya buɗe WhatsApp ya ci karo da hoton kawunsa da "Allah ya jiƙan rai". Wallahi wannan zalunci ne, ko da ba da gangan aka yi ba. Ku tashe shi. Yana da haƙƙin ya ji daga bakin yayansa, ya yi kuka, ya yi addu'a a daidai lokacin da ake sallar gawar.

Sauran buƙatu kuma saƙon murya ya wadatar, zai saurara idan ya tashi. Hira ta zumunci a ajiye ta ranar Lahadi bayan Isha'i, an dawo daga kasuwa an ci tuwo. Ƙarfe 8 namu ƙarfe 2 ne ko 3 na rana a can, yawancinsu suna gida, kuma yara ba su yi barci ba balle a ce ba su gaida kawunsu ba.