Ƙaramin jirgin ƙasa na Jamusawa da motar kara ta yaranmu

Wani dattijo maƙwabcina a birnin Hambug, wanda ya yi ritaya daga aikin injiniya, ya gayyace ni ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa domin in ga abin da ya cinye masa lokacin sanyi gaba ɗaya. A kan wani faffaɗan tebur ya shimfiɗa layin dogo da tasha da gadoji, sannan a gefe guda ya ajiye ƙaramin ginin ma'aikatar gyaran injuna da bai kammala ba. Da na yaba, sai ya tambaye ni cikin sakin fuska ko mu a Afirka mun san irin wannan aikin hannu. Na tabbata bai yi nufin raini ba, amma tambayar ta tsaya mini a rai.

Sai mutum ya gani da idonsa zai yarda da irin wahalar da Jamusawa masu wannan aiki suke ɗora wa kansu. Ma'aunin da akasarinsu ke bi shi ne a rage komai sau 87, ta yadda tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu ba ta wuce milimita 16.5 ba, mutum kuwa tsawonsa bai fi kwanson gyaɗa ba. Ginin yakan zo ne a kwali, gunduwa-gunduwa na roba, tare da takardar da ke nuna inda kowane yanki zai zauna. Dattijon ya cire rufin ya nuna mini ciki: ga injin da ke juya ƙarfe ana feƙe shi, ga na huda ƙarfe, ga teburin aiki da guduma a kai, sannan ga doguwar sandar ƙarfe a saman ɗakin wadda bel ke saukowa daga gare ta zuwa kowane inji, kamar yadda masana'antu suke kafin kowane inji ya samu motarsa ta lantarki. Da matsefata yake ɗaukar kayan, gilashin ƙara girma a goshinsa, yana ɗiga gam da bakin allura. Bayan ya gama fenti kuma sai ya koma yana ɓata shi da gangan, yana shafa launin tsatsa da tabon baƙin mai a daɓe, domin a ganinsa ma'aikatar da ba ta yi datti ba ƙarya ce.

Wannan aiki babbar sana'a ce a ƙasar. Kamfanin Märklin, wanda aka kafa a garin Göppingen a 1859, yana ƙera jiragen, irin su Faller kuma suna yin gine-ginen. A nan Hambug akwai Miniatur Wunderland da aka buɗe a 2001, inda manya da yara ke bin layi don kallon ƙananan jirage.

Na yarda suna da haƙuri, suna kuma girmama tarihinsu. Amma idan ana maganar basira, ni dai ban ga abin da zai sa in sunkuyar da kai ba. Dattijon nan kamfani ne ya auna masa, ya yanka masa, ya zana masa hanya. Nasa shi ne haɗawa da ƙawatawa. Yaron da ya zauna a bakin zaure bayan an yi girbi, ya fere karan dawa da reza, ya fitar da gingimari mai bodi da ƙofa, ya yanko tsohon silifas ya yi taya, wa ya ba shi takarda? Idonsa ne ma'auninsa, motar da ya gani sau ɗaya a tasha ita ce zanensa. Wanda ya yi ta langa-langa ma haka, har da sitiyarin waya mai tsawo da zai tuƙa yana tafe. Duk wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya san inda irin waɗannan hannaye suke ƙarewa idan sun girma, suna ƙera injin niƙa da na casar hatsi daga ƙarfen da wasu suka zubar.

Abin da ya bambanta mu shi ne a nan mai furfura yana wannan aiki ana ce masa gwani, mu kuwa da zarar yaro ya tasa sai a ce ya bar shiririta. Har yanzu ina jin zafin motocin da aka tattake mana a tsakar gida.

Sannan akwai abin da ya fi wannan ciwo. Bajamushe yana kwaikwayon jirgin da ya hau jiya kuma zai hau gobe, mu kuwa me yaronmu zai kalla ya kwaikwaya? Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930, shi ya kwashe dalar gyaɗa zuwa bakin teku, shi ya mayar da Kafanchan mahaɗa. Ƙaramin layin da ya haɗa Zariya da Jos an rufe shi tun 1957, kuma ban taɓa jin wani matashi ya ambace shi ba. Iyayenmu da suka yi aikin reluwe sun san cikin injin tururi kamar yadda dattijon nan ya san nasa na roba, su nasu ma na gaske ne, mai ƙona hannu, amma suna ta tafiya da iliminsu ba wanda ya zaunar da su ya rubuta.

An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, an kuma aza harsashin na Kano zuwa Maraɗi a 2021. Kowane layi sai da ma'aikatar gyara, kuma abin da nake son sani shi ne wa zai tsaya a gaban injunan cikinta: baƙin da aka ɗauko da kwangila, ko yaran Panteka da na Fagge waɗanda tun suna 'yan shekara bakwai suke lanƙwasa ƙarfe.