"Koma ka rama", daga nan ake fara ɓata yaro

Assalamu alaikum iyaye maza da mata, yau maganar cikin gida zan yi, kuma da ni da ku duk ta shafe mu.

Kullum muna roƙon Allah ya bamu zaman lafiya, liman yayi addu'a mu ce amin, a turo a WhatsApp mu ce amin, amma yaro ya shigo da kuka wani ya mare shi a waje me muke ce masa? "Wallahi in baka koma ka rama ba ni zan zane ka." Ko tambayar wa ya fara ba ma yi. Yaro ya goge hawaye da bakin riga ya fita yana neman dutse, mu kuma muna zaune muna jin daɗi wai ɗanmu ba rago bane. To shi ɗin ne gobe zai zama miji, ya zama maƙwabci, ya zama shugaba, mutumin da baya iya haɗiye magana ɗaya sai ya mayar da goma, sannan mu dawo muna cewa zamani ya lalace. Manzon Allah (SAW) cewa yayi mai ƙarfi ba shine mai kayar da mutane a kokawa ba, mai ƙarfi shine wanda yake mallakar kansa lokacin fushi, Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Ban ce a bar yaro kowa ya riƙa dukansa ba fa. A koya masa ya kai ƙara wajen babba, ya faɗi gaskiya ko da shine da laifi, in shi yayi ba daidai ba a riƙe hannunsa a kai shi ya bada haƙuri.

Dan Allah yau ku buɗe Suratu Luƙman daga aya ta 13 zuwa ta 19 ku karanta a nutse. Sau 3 Luƙman yana ce wa ɗansa "ya bunayya", ya ƙaramin ɗana, da tausasawa. Ya fara da tauhidi, ya zo kan sallah da haƙuri, sai ya gangaro har kan yadda ake kallon mutane, kada ka karkatar musu da fuska don girman kai, kada kayi tafiya da taƙama, ka sassauta muryarka domin mafi munin sauti shine kukan jaki. Har murya fa! Mu kuwa tun asuba ihu muke yi musu, "ɗan banza", "dabba kawai", sai ranar da ka ji ya zagi ƙaninsa da irin zaginka, da irin muryarka sak, sai kunya ta kama ka.

Ga ƙarya kuma da muka mayar ba komai ba. Abu Dawud ya kawo labarin Abdullahi bin Amir, yana yaro mahaifiyarsa ta kira shi ta ce zo in baka wani abu, Annabi (SAW) yana zaune a gidan sai ya tambaye ta me zaki bashi, ta ce dabino, ya ce da baki bashi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Ina masu "je ka ce bana nan"? Ina mai amsa waya yana kwance yana cewa gani nan a hanya, yaro na gefe yana kallonsa? Barewa dai ba ta gudu ɗanta yayi rarrafe.

Ni kaina kwanaki na ɗaga wa ƙaramata murya akan kofin da ba ita ta fasa ba, da na gane sai da na daɗe ina juya abin kafin na iya kiranta na ce yi haƙuri, ni nayi kuskure. Kallona kawai ta tsaya yi, don bata taɓa jin na faɗa ba.