Bututun da ya lanƙwashe ba lalle jabu ba ne

Sau da yawa a Maradi za ka ji mai sayen bututu yana cewa tunda mai walda ya lanƙwasa shi bai karye ba, to ƙarfen banza ne. Ba haka ba ne. Baƙin bututun da ake ƙera ƙofofi, gadaje da rumfuna da shi, sinadarin kabon da ke cikinsa kaɗan ne, bai kai kashi 1 cikin 300 ba. Shi ya sa yake karɓar walda, ya yanku da zarto, ya lanƙwashe ba tare da tsagewa ba. Ƙarfen da kabon ya yi wa yawa ya fi tauri, amma yakan tsage a bakin walda.

Abin dubawa shi ne kaurin bangon bututun. Bututu biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya milimita 1, ɗaya milimita 2, ba za su ɗauki nauyi ɗaya ba. Leƙa bakinsa, ka ɗaga shi ka ji nauyinsa.

Raunin sa na gaskiya tsatsa ce. Ni dai ina jin takaicin ganin rumfar da aka kafa ba fenti, damina biyu gindinta ya cinye. Bututun ruwan sha kuwa, a nemi wanda aka lulluɓe da tutiya.