Mitar da Ta Rantse Akwai Wuta Cikin Duhu

A gidan hayarmu na Agege wuta kan zo da hali iri-iri. Wata rana fanka ta yi kamar za ta tashi da rufi, wata rana kuma sai an tura mata fiffike da yatsa. Hajiya mai ƙanƙara, da injin firizarta ya taɓa ƙonewa saboda raunin wuta, ta gan ni da 'yar mitar da na haɗa don gwada batura, ta ce, "Injiniya, ka sa wannan abin ya riƙa faɗa mini ƙarfin wuta mana." Wanda aka kira Injiniya a gaban jama'a ba ya cewa ba zai iya ba.

Mitar tawa a kan guntun ICL7107 take, wato ɗan ƙwaƙwalwar da ke auna wuta ya rubuta a allo, mai jajayen lambobi da ke kaiwa 1999. Iyakar abin da take ɗauka milivolt 200 ne na DC, wato wutar da ke bin hanya ɗaya irin ta batir, tana cin wuta daga fawa banki, ICL7660 na samar mata volt 5 na ƙasa da sifili. Wutar gida kuwa volt 230 ce ta AC, mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Lissafi ya ce a rage ta sau dubu goma, sai na jera rizisto, masu rage ƙarfin wuta, mai megohm 10 da mai kilohm 1, na soka a soket.

Mita ta nuna 000, tana ɗan ƙyafta ido. Gaskiyarta ce. Guntun yana tara abin da ya shigo ne na ɗan lokaci ya fitar da matsakaici, AC kuwa rabinta sama ne rabinta ƙasa, suna cinye juna. Ina cikin wannan nazari na kai hannu kan ƙarfen USB don in gyara masa zama. Salatin da na yi, mai shayin bakin titi ma ya amsa.

Da hannuna ya daina rawa na ɗauko testa. Duk inda na ɗora sai ta kama: allon mita, bakin fawa banki, har ƙusar da ke riƙe da allon. Wanda ya haɗa soket ɗin ɗakina ya juya wayoyi, mai rai ta zauna a gurbin nutural. Wayar da na ɗaure da ƙasan da'irar, wato layin da duk sassan mitar ke haɗe da shi, ita ce mai rai, ba rizisto ko ɗaya tsakanina da ita. Wannan shi ne aibin rage wutar gida da rizisto zalla: lafiyarka ta rataya a kan amanar wani mai wayarin da ba ka taɓa gani ba. Ga kuma rizisto mai rubu'in wat, yawanci volt 250 aka yi shi ya jure, alhali ƙololuwar 230 tana kai 325. Ko mitocin kanti da ke bin wannan hanya suna jera rizisto da yawa ne a rufe komai ruf cikin roba.

Na hau mota zuwa Alaba na sayo ƙaramar taransifoma mai sauke 230 zuwa 12. Waya ba ta haɗa ɓangarorinta biyu ba, maganaɗisu ne ke kai saƙo, don haka ko an juya soket wutar gida ba ta isa allon. Na sa fiyus mai miliam 100 a gefen 230, dayod 1N4007 guda huɗu a matsayin gada mai mai da AC zuwa DC a gefen 12, sai kafasito mai ajiye wuta. Bayan gada ana samun wajen volt 16, ko fiye, domin taransifomar da ba ta ɗauke da kaya takan wuce abin da aka rubuta mata. Don allo ya rubuta 230 guntun yana son milivolt 23 kacal, sai na sa kilohm 100 a sama, a ƙasa om 100 haɗe da abin murɗawa mai om 100. Na aro mitar kirki wurin mai gyaran talabijin, na yi ta murɗawa har suka yi baki ɗaya. Komai ya shiga akwatin roba.

Kafasito dai wanda na tarar a gwangwani na sa, mai mikrofarad 1000. Daren da muka kafa mitar a ɗakin Hajiya, 'yan gida sun taru kallo, sai aka ɗauke wuta. Duhu ya rufe Agege, fanka ta tsaya, yara na ihu a waje, mita kuwa, da yake fawa banki ke ciyar da ita, tana nan jajir tana cewa 225. Can ta ce 218. Hajiya ta haska ni da tocila ta ce, "Injiniya, wannan wutar wace unguwa take aunawa?" Wani daga baya ya ce ta Ikoyi ce.

Wutar da kafasito ya ajiye ce ke tsiyayewa a hankali ta cikin rizisto: kilohm 100 sau mikrofarad 1000 daƙiƙa 100 ke nan, shi ya sa bayan minti guda cur mitar ba ta sauka ƙasa da 120 ba. Da na canza shi da mai mikrofarad 10, volt 35, ya mai da jiran daƙiƙa ɗaya, 'yar rawar da ta rage kuma guntun yana shanye ta.

Saura ƙarya guda da ban raba ta da ita ba. Dayod biyu da wuta ke ratsawa suna cin wajen volt 1.2, ko wuta ta yi ƙarfi ko ta yi rauni, don haka mitar da aka daidaita a 230 takan ce 155 idan gaskiyar 160 ce. Taransifoma mai 24 tana rage wannan kuskure da kusan rabi. Na yi wa Hajiya bayani, ta ce in bar ta haka, mitar da ke tsorata ta da wuri ta fi mata. Sai dai ta cire kuɗin ƙanƙarar da na sha a watan daga ladan aikina.