Ofishin jakadancin Birtaniya a Suwizalan ba a Janiba yake ba

Jama'a da yawa da zarar an ce jakadan Birtaniya a Suwizalan sai su ce ai a Janiba yake zaune, tunda kullum can ake jin labarin taron Majalisar Ɗinkin Duniya. To ba haka abin yake ba fa. Ofishin jakadancin a Bern yake, birnin da gwamnatin tarayyar ƙasar ta zauna tun 1848. Wanda ke Janiba wakilci ne daban, na Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyi irin su Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), ba shi ke hulɗa da gwamnatin Suwizalan ba.

Kuma alaƙar Birtaniya da Suwizalan ta girmi Majalisar nesa ba kusa ba. A 1654 Oliver Cromwell, mai mulkin Ingila a lokacin, ya tura wani masanin lissafi, John Pell, wajen yankunan 'yan Furotesta na Suwizalan, ya je ya tare a Zurik har 1658, lokacin ma babu wata gwamnati guda ɗaya, kowane yanki cin gashin kansa yake. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne William Wickham, a takarda wakili ne a Bern daga 1795, amma aikin nasa na gaske leƙen asiri ne da raba kuɗi ga masu adawa da juyin juya halin Faransa, har Faransa ta matsa wa 'yan Suwizalan lamba ya tattara komatsansa a 1797.

Sannan shekara da shekaru muƙamin wakilin Birtaniya a Bern na minista ne kawai, wato wakilin diflomasiyya da bai kai matsayin jakada ba, sai 1953 aka ɗaga ofishin ya zama cikakken ofishin jakadanci. Jakadan da ke Bern ɗin shi ne kuma yake kula da ƙaramar ƙasar Liechtenstein.