Ba rassa kawai ake kirgawa ba

Na ji daɗin rahoton da kuka wallafa kan Jami'ar Injiniya da Fasaha ta Lahore a Pakistan da rassanta, amma marubuci ya tsallake tushenta. A 1921 aka kafa ta a matsayin kwalejin koyon sana'a a unguwar Mughalpura da ke Lahore, sai a 1961 ta zama cikakkiyar jami'a. Shekara 40 tana rarrafe kafin ta miƙe!

Kun yaba rassanta na Kala Shah Kaku da Faisalabad da Narowal, to madalla. Ni dai damuwata ɗakin gwaji. Ɗalibin injiniya sai ya kama waya da hannunsa, ya ga yadda ake gwada ƙarfin kankare har ya tsage. Shin waɗannan rassa suna da kayan aiki da malamai irin na babbar harabar da ke Lahore? Ku binciko mana wannan don Allah.