Hula Kawai Muke Gani

Abin da ya sa na sayi kyamarar tsaro bai taka kara ya karya ba. Ƙananan kaya ne suke ɓacewa a barandar ƙofar gidana: yau sabulu, gobe cokalin da yara suka bari, jibi silifas ɗin auta, shi ma ƙafa ɗaya. Uwargida ta zargi yaran layi, yaran layi suka zargi juna, ni kuwa ban cire kowa ba. Sai na haɗo kyamara biyu masu megafiksel 2, da akwatin naɗa mai faifan terabayit 1, da naɗin kebul guda. Na ce ba sai an kira injiniya ba, ai kusoshi huɗu ne da tsani.

Tsorona a lokacin kada ɓarawon ya haɗa da kyamarar ya tafi. Saboda haka na hau tsani har matakin ƙarshe, na kafa ta a ƙarƙashin kwano, mita 4 daga ƙasa, daidai saman ƙofa. Na sauko ina kakkaɓe hannu, na tara iyali a gaban talabijin domin su ga fasaha.

Hula muka gani. Zanna bukar ta zo ta yi sallama, damanga ta zo karɓar bashi, wani hijabi ya shigo ya fita ba mu san ko na wace ba. A duk masu zuwa gidan, mutum ɗaya kyamarar ta iya shaidawa, wani abokina mai sanƙo, shi ma don yana cire hula ya share gumi ne kafin ya ƙwanƙwasa.

Lissafin abin ba wuya. Fuskar babban mutum tana wajen mita 1.6 daga ƙasa. In kyamara tana mita 4, mutumin kuma yana tsaye mita 2 daga bango, to tana leƙo shi ne daga sama da karkatar kusan digiri 50, kuma daga nan babu abin gani sai tsakar ka. Masu wannan sana'a suna son karkatar ta tsaya wajen digiri 15, kada dai ta haura 30. In ka sauko da ita mita 2.5, ka ja ta gefe har ya zama tsakaninta da inda baƙo yake tsayawa akwai mita 3.5, karkatar za ta dawo digiri 14, fuska ta fito da hancinta da gemunta. Mita 2.5 ɗin kuma ta fi ƙarfin hannun yaro mai ƙiriniya, sai dai in ya zo da sanda.

Sai maganar ido. Kyamarorin nawa ɗaya idonta milimita 2.8 ne, ɗaya milimita 4, ni kuma na ɗauka ƙaramar lamba ƙaramin aiki ce. Ashe mai 2.8 ita ce mai faɗin gani, tana kwaso sama da digiri 100, mai 4 kuwa tana tsayawa wajen 80 da 'yan kai. Faɗin ganin nan ba kyauta ba ne. Hoton megafiksel 2 ɗigo 1920 ne daga hagu zuwa dama, ko ka shimfiɗa su a kan ƙofa ɗaya ko a kan layi gaba ɗaya, ba za su ƙaru ba. Ƙa'idar da ake aiki da ita ta ce kafin a shaida baƙuwar fuska ana buƙatar ɗigo 250 a kowace mita, 125 kuwa sun isa ka gane wanda ka riga ka sani. Raba 1920 da 250, za ka ga faɗin wurin kada ya wuce mita 7 da rabi. Mai 2.8 tana kai wa wannan faɗin tun a nisan mita 3. Duk wanda ya tsaya can nesa da nan sosai, ko ka zuƙo hoton da yatsa har ya cika fuskar waya, dunƙulen launi kawai za ka samu. Na taɓa zuƙo wani dunƙule na rantse mai kanti ne, aka duba da kyau, buhun gawayi ne a kan babur.

Da na sauko da kyamarar ƙofar, sai na juya ta tana kallon titi kai tsaye, don in ga mai zuwa tun daga nesa. Gidana yana kallon yamma. Baƙi kuma, kowa ya sani, bayan la'asar suke zuwa. Rana a bayansu, baranda a inuwa, sai kyamara ta daidaita kanta da hasken titi, mutum ya fito baƙi wuluk daga sama har ƙasa. Surukina ya zo da farar shadda sabuwa fil, a hoto ya fito inuwa mai tafiya. Akwai wani saiti da ake kira WDR wanda yake sasanta haske da duhu a hoto ɗaya, yana taimakawa sosai in na gaske ne, irin wanda ake rubuta 120 dB a kwalinsa. Amma ko shi ba ya ja da ranar yamma ido da ido. Maganin shi ne a juya kyamara gefen arewa ko kudu, a sunkuyar da ita har sararin sama ya fita daga hoton gaba ɗaya.

Duk wannan wasan yara ne a kan abin da dare ya zo da shi. Kyamara tana gani a duhu ne da wasu ƙananan fitilu na infirared da ke kewaye da idonta, waɗanda mutum ba ya ganin haskensu sai ɗan ja-ja. Ni kuma na manna ta a kusurwa, farin bango yana cin kashi ɗaya cikin uku na hoton. Hasken ya daki bangon ya dawo mata, ta ɗauka gari ya waye, ta rage buɗe ido. Sakamakon: bango fes, har tsagar fenti ana ƙirgawa, sauran duniya kuwa duhu ƙirin. Duk wani abu fari ko mai sheƙi da ke kusa da ido, bango ne, silin ne, ginshiƙi ne, ko gilashin taga, haka zai yi maka. Kau da ita kaɗan, ko ka sa mata ɗan hannu da zai nisanta ta da bango da kamar taƙi ɗaya.

Fitilun nan kuma suna tara ƙwari, ƙwari suna kiran gizo-gizo da tsaka. Na kunna saƙon gargaɗi a wayata da ta uwargida, duk abin da ya motsa waya ta yi ƙara. Cikin dare ta yi ƙara, na buɗe, na ga wata halitta ta cika allo kamar kada, da ƙafafu da idanu masu walƙiya. Na yi salati, na ɗauko taɓarya, na fita da gajeren wando. Tsaka ce kwance a kan gilashin tana cin abincin darenta. Zaren gizo-gizo guda ɗaya, in iska tana kaɗa shi a gaban fitilun, ya isa ya hana gida barci har asuba. Ƙurar hunturu ma haka, musamman a kan kyamara mai murfin ƙoƙo: da rana ba ka ganin komai a jikinta, da dare hoton ya koma hazo. Shi ya sa mai buɗaɗɗiyar fuska, wadda fitilarta take ware da idonta, ta fi dacewa da ƙasarmu. A riƙa share ta da tsumma mai laushi duk mako, a kuma sa ƙwan lantarki a ɗaya gefen barandar domin ƙwarin su koma can. Wurin da na'ura za ta lura da motsi kuma a zana shi da hannu, ƙofa da matakala kawai, ban da titi. In ba haka ba, kowace a-daidaita-sahu da kowace akuya sai an sanar da kai. Ni dai kafin in gano wannan na riga na kashe gargaɗin a wayata, na huta.

Ana cikin haka maƙwabcina ya yi sallama da safe. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, wannan abin naka mai ido, ina yake kallo ne?"

Na ce, "Ƙofata kawai, Alhaji."

Ya ce, "To mu gani."

Muka buɗe waya. Ga ƙofata a ƙasan hoto, ga kuma igiyar shanyar gidansa a sama ta leƙo ta kan katanga, har da zannuwa a kai. Alhaji bai ce komai ba, kallona kawai ya yi. Kuma yana da gaskiya, tsakar gidan mutum da iyalinsa ba wurin leƙe ba ne, ko da na'ura. Akwatin naɗa yana da wurin da ake zana baƙin tabo a kan duk ɓangaren da ba a so a ɗauka, amma kafin tabon, karkatar da kyamarar ya fi kwantar wa maƙwabci da hankali, don shi bakinta yake gani, ba saitinka ba. A gabansa na hau tsani.

Sai kuma kyamarar ta ɓullo da sabon salo: da magariba ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Uwargida ta ce ko a yi wa wurin addu'a. Kebul ne. Irin tsarin nan kebul ɗaya na Cat6 ne yake kai wuta ya dawo da hoto, iyakarsa mita 100, amma sai in jan ƙarfe ne zalla. Wanda aka sayar mini alminiyam ne da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Da rana yana lallaɓawa, da fitilun dare suka kunna suka ƙara jan wuta sai ya gaza. Tun a shago ka feƙe zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa fari ne ka ajiye musu kayansu. Mahaɗar kebul kuma a sa ta cikin akwatin roba, a bar kebul ɗin ya ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ya shiga bango, domin ruwan damina ya ɗiga a lanƙwasar maimakon ya bi shi ciki. A haɗa komai da inbata ko ɗan batir na ajiya, tunda duka kayan ba su wuce cin wat 30 ba, ɓarawo kuma ya fi son lokacin da aka ɗauke wuta. Faifan terabayit 1, in kyamara biyu suna naɗa dare da rana a kan megabit 2 a daƙiƙa kowace, wajen gigabayit 43 suke ci kullum, kimanin mako uku ke nan kafin sabo ya hau kan tsoho.

Yanzu mai milimita 4 tana kusurwar kudu ta baranda, mita 2.5 daga ƙasa, tana kallon arewa a karkace, tana kama fuskar mai hawowa matakala. Mai 2.8 tana ɗaya kusurwar, tana ganin barandar duka, da 'yar uwarta, da gindin bangon da ke ƙarƙashin 'yar uwar, domin kowace kyamara makauniya ce a kan abin da yake daidai ƙasanta. A wannan gindin bangon ɓarawon ya bayyana. Gafiya ce, ƙatuwa, ta fito ta rariya, ta bi jikin bango cikin natsuwar wadda ta san hanya, ta ja murfin kofi ta koma. Da aka haƙa bakin ramin an samo cokula da guntun sabulu, silifas ɗin dai ya riga ya zama tarihi. Kuɗin da na kashe kafin in ga fuskarta sun isa a saya wa yaran layin nan silifas su duka.

Na toshe rariyar da ragar ƙarfe, na ci gaba da harkokina. Wani dare bayan isha'i na dawo da tsire na ɗari biyar, na duba yawan mutanen gidan, na ga rabon ba zai yi kyau ba. Na zauna a matakala na gama da shi, na goge baki, na cusa takardar a aljihu, na shiga da sallama. Uwargida tana zaune da waya a hannu.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Gaskiya aikin nan naka ya yi kyau. Har yajin ana gani."